Tsakin Feshin Ƙarfe: A Fasa Buhu, A Bar Yashin Rafi

Da zarar ruwa ya ɗauke, sanyi ya fara leƙowa, shagunan walda na Makarfi da Hunkuyi da Ikara sai su cika da kayan da damina ta ci. Ga injin matse rake da aka jingine tun bara, ga kurar shanu da ƙafafunta suka yi ja wur, ga injin ban-ruwa da za a kai fadama noman tumatir, ga injin sussukar masara da ake jira a gona gobe-goben nan. Ciwonsu ɗaya, tsatsa. Maganin da aka sani kuwa shi ne a miƙa wa yaron shago samfefa da burushin waya, ya zauna ƙarƙashin rumfa ya yi ta gurza daga hantsi har la'asar. Inda hannu bai kai ba, lungun walda da ramukan da tsatsa ta haƙa, sai a bi da fenti a rufe. Kafin damina mai zuwa ta raba, fentin ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Matasan da ke wannan sana'a sun riga sun ga wata hanyar a wayoyinsu. A YouTube da TikTok ana nuna mutum riƙe da mesa, iska mai ƙarfi tana feso ƙananan ƙwayoyi a kan ƙarfe, tsatsar shekara ashirin tana tashi kamar ana wanke allo, ƙarfe ya fito fari tas. Dabarar ta daɗe a duniya. Wani Ba'amurke mutumin Filadelfiya, Benjamin Tilghman, shi ya yi mata rajista tun 1870. Bindigar feshin ba ta da wuyar samu, mai hannu ma zai iya harhaɗa ta da guntayen bututu, injin iska kuma akwai shi wajen masu faci da masu fentin mota. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da za a zuba a ciki.

A kira shi tsakin feshi, tunda ƙwayarsa ba ta wuce ta tsakin masara ko na gero ba, wani ma ya fi sukari laushi. Masu shigo da shi suna Legas da Fatakwal, idonsu kuma yana kan kamfanonin mai da masu gyaran jiragen ruwa da masu ƙera manyan tankuna. Da tan suke lissafi. Buhu mai kilo 25 shi ne ƙaramin ma'auninsu, shi ma ba su cika son fitar da guda ɗaya ba. Kayan yana zuwa Arewa kam. Bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, irin aikin nan ne da sai an feshe mahaɗar bututu kafin a lulluɓe ta. Amma wannan kayan ɗan kwangila ne, daga kwantena sai filin aiki. Mai walda na Gubuchi ko Likoro da ke neman abin da zai wanke wilin babur huɗu da murfin inji ɗaya, in ya buga waya Legas, tambayar farko da zai ji ita ce tan nawa yake so. In an tausaya masa an yarda da buhu ɗaya, saura kuɗin ɗauko shi daga nisan fiye da kilomita 800, ga tallafin mai an cire tun Mayun 2023, ga darajar Naira ta zube.

Sai ya ajiye waya ya dubi rafi. Yashi ga shi nan jibge, ba kuɗin mota, ba ɗan kamasho. A ɗebo buhu biyu a babur, a shanya, a tankaɗe da rariya, a zuba a tukunyar feshi. Kuma yana cin tsatsa sosai, abin tsoron ke nan, don mutum ba ya barin abin da ke yi masa aiki a kyauta sai da dalili mai ƙarfi.

Dalilin kuwa akwai shi. Bahaushe bai san yashi da mugunta ba. Da shi da toka iyayenmu mata ke goge bayan tukunya, a cikinsa ake suyar gyaɗa, a kansa yara ke wasa, magini kuma ya wuni yana kwaɓa shi. Amma a duk waɗannan wuraren ƙwayar yashin tana nan ɗungurungum, ko kuma a jiƙe take. A feshi, iskar da ta ninka ta sarari sau shida ko bakwai ce ke maka ƙwayar da ƙarfe, ta tarwatse ta zama ƙura. Mafi yawan yashin rafi ma'adinin silika ne, irin farin dutsen nan mai ƙyalli, kuma ɓarɓashinsa mafi haɗari ya fi silin gashi siranta sau goma ko fiye. Ido ba ya ganinsa, gashin hanci ba ya tare shi, tari ba ya fitar da shi. Yana wucewa can ƙarshen huhu ya maƙale. Ƙwayoyin jiki masu share datti su haɗiye shi su mutu, wasu su zo su haɗiya su ma su mutu, wurin ya yi tabo, tabo ya haɗu da tabo, huhun da ya kamata ya yi taushi kamar soso ya ƙandare. Likitoci na kiran cutar silikosis. Ba ta da magani har yau, kuma ko mutum ya bar aikin tana iya ci gaba da cin sa. Mai fasa dutse yakan yi shekara goma ko ashirin kafin ta bayyana. Mai feshin yashi, saboda yawan ƙurar da sabuntarta, tana iya kayar da shi cikin 'yan shekaru kaɗan, wani ma cikin watanni.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harka da gawawwaki suka koyi darasin. Ingila ta haramta feshin ƙarfe da yashi tun 1949. A 1974 cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta gwamnatin Amurka ta ba da shawarar a hana duk tsakin da silikarsa ta wuce kashi 1 cikin 100. A 1997 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar silika cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa dajin huhu.

Labarin da ya fi kama da namu dai na Turkiyya ne. Samari 'yan ƙauye daga gabashin ƙasar suka riƙa kwarara Istanbul cin-rani, suna aiki a ƙananan shaguna marasa rajista inda ake fesa wa wandon jins yashi don ya yi kamar ya tsufa, haka masu saye ke so. Da yawansu a shagon suke kwana. Suka koma gida suna haki, tun ba su kai shekara talatin ba. Likitocin birnin Erzurum suka fara lura da su wajen 2004, gommai suka mutu, a 2009 gwamnati ta hana aikin, a 2010 kamfanonin Levi Strauss da H&M suka ce sun daina sayen irin wannan kaya. Ƙaramin shago ne, da yashi mai araha, da yaro mai neman na kansa, babu kuma mai sa ido. Duk wanda ya san bakin titin Tashar Yari zuwa Makarfi ya san ba a rasa ko ɗaya daga cikin waɗannan a wajenmu.

A nan ma abin zai fi ɓoyuwa, saboda tarin fuka. Alamomin sun yi kama: tari, rama, haki, kasala. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, don haka duk saurayin da ya zo asibiti da irin wannan kuka, can hankalin ma'aikacin lafiya zai fara tafiya, kuma da gaskiyarsa. Huhun da silika ta raunana ya fi saurin kamuwa da tarin fuka ninki biyu ko uku, saboda haka sau da yawa cutukan biyu tare suke zuwa. A sha magani wata shida, ƙwayar cutar ta mutu, hakin ya ƙi tafiya. Daga nan sai a fara zargin sammu ko iska, a sayar da akuya, a sayar da gona. Ga cibiyar horaswa kan tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, duk a nan Zariya, ga kuma kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a cikin garin Makarfi da ta yaye ma'aikata masu yawa. Tambaya guda za a ƙara wa mai tari a ƙaramin asibitin ƙauye: “Malam, wace sana'a kake yi?” Amsar na iya sauya hanyar binciken gaba ɗaya.

Wa ke riƙe mesar? A tsarin shagunanmu aikin ƙura na yaro ne. Maigida yana wajen awo da yanka da cinikin aiki, sai ya ɗaga murya ya ce, “Kai, zo ka wanke wa Alhaji wannan,” yaro ya ce, “To, Oga,” ya ɗaura tsumma a hanci. Yaron nan amana ce. Ubansa ya kawo shi da hannunsa ya ce ga shi nan, a koya masa abin da zai riƙe kansa. Yawancin iyayen gidan nan mutanen kirki ne da ke ciyar da yaransu, su yi musu ɗinkin salla, wasu har aure suke yi musu. Rashin sani ne ke sa su ba yaro aikin da zai cinye masa ƙirji. Haka kuma tsohuwar al'adar nan ta masu walda da masu fenti, a sayo wa yaro gwangwanin madara bayan aiki don ta wanke masa ƙirji, niyya ce mai kyau da ba ta isa inda ake so. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu. Tsumma da rawani da takunkumin yadi irin na lokacin korona duk ba sa tare ɓarɓashin da ke kisa.

In shagon a gida yake, a zaure ko a bayan katanga, abin ya shafi kowa. Ƙurar na sauka kan barkonon da aka shanya, kan tabarmar da jariri ke rarrafe, kan kayan da matar gida za ta kaɗe kafin wanki. Tsohon fentin da ake ɓamɓarowa shi ma sau da yawa yana ɗauke da dalma. Ba a manta da Zamfara ba, inda a 2010 aka gano niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400 da gubar dalma. Ɗan hakin da aka raina ne ya tsone ido a can.

To amma gargaɗi kaɗai ba ya sauke wa mai walda nauyin aikin da ya karɓa. In aka ce masa ya bar yashi aka tsaya nan, zai saurara da ladabi, ya yi godiya, gobe ya koma rafi. Sai an sa masa wani abu a hannu, a kusa, daidai aljihunsa. Wannan kuwa fanni ne da ɗan kasuwar Hausa ba ya buƙatar malami a kansa. Wane kaya ne aka kawo ƙasar nan a buhu ko a ganga da bai ƙare a mudu da kwalba da ƙullin leda ba? Takin zamani ana auna shi da tiya, siminti da kwano, baƙin mai da kwalba, ƙusa da kilo, maganin feshi da murfi. Mai shagon kayan gini a Ikara da ke zuwa sari Ƙofar Ruwa a Kano, ko na Hunkuyi da ke zuwa Sabon Garin Zariya, in ya roƙi dilansa ya haɗo masa buhu huɗu cikin lodin da ke tasowa daga Legas, ya fasa ya riƙa sayar da kilo biyu, kilo biyar, ya buɗe kasuwar da babu mai yi masa kishiya a cikinta. In 'yan kasuwa sun yi nauyin jiki, ƙungiyar masu walda ta kowace ƙaramar hukuma ta iya yin karo-karo ko adashi ta sayo rabin tan ta raba.

Abin da za a sayo ya danganta da aikin. Ganet, wani jan dutse ne da ake haƙowa a Indiya da Ostireliya, shi ya fi dacewa da tsatsar yau da kullum, ƙurarsa kaɗan ce, ana kuma iya tattara shi a sake amfani da shi 'yan lokuta. Alumina, wadda da ita ake yin samfefa da dutsen giranda, ta fi shi kaifi da tsada, taurinta 9 ne a ma'aunin Mohs da ya tsaya a 10, yashi kuwa 7. Tsakin baƙin ƙarfe shi ne mai dogon rai, a cikin rufaffen akwati yana zagayawa sau ɗari ko fiye kafin ya ƙare, sai dai ba ya shiri da laima, ba a kuma fesa shi kan alminiyam. Akwai hodar soda ta masu burodi, mai taushi, da ita aka cire tsohuwar kwalta daga cikin mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York lokacin gyaransa a shekarun 1980 ba tare da an ci siririn jan ƙarfensa ba. Kada dai wani ya ce kanwa 'yar'uwarta ce ya daka ya zuba, kanwar kasuwa cike take da ƙasa da yashi. Mafi araha a cikinsu shi ne kashin maƙera na masana'antun narka jan ƙarfe ko na tashoshin kwal, baƙi mai ƙyalli. Silikarsa mai cutarwa kaɗan ce, amma yana iya ɗaukar dalma da arsenik, don haka bai kamata ya kusanci injin matse rake, ko kaskon dafa mazarƙwaila, ko injin niƙa ba. Abin da ya taɓa waɗannan, bakin jama'a zai shiga.

Fasa buhu na da nasa haɗarin, kuma manoman yankin nan sun san shi a jikinsu. An sha kuka da takin da aka cakuɗa da yashi. Ranar da tsakin feshi ya shiga ƙullin leda babu suna babu lamba, ranar mai algus zai fara ƙara masa yashi, a koma gidan jiya, har ma da kuɗin mutum a ciki. Saboda haka duk mai fasawa ya bar buhun asali a buɗe a gaban shago mai saye ya gani, ya rubuta sunan kayan da girman ƙwayarsa a kan kowane ƙulli. Mai saye shi ma yana da hanyoyin gwaji da ba sa cin ko sisi. Tsakin ƙarfe, a sa masa mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika, duk abin da ya rage a ƙasa baƙo ne. Soda, a zuba cokali guda a kofin ruwa a motsa, in wani abu ya kwanta a gindi an yi ha'inci. Ganet kuwa nauyinsa ke tona asiri: cikin gwangwani ɗaya na ganet ya kai nauyin gwangwani ɗaya da rabi na yashi, kusan haka. A auna na asali sau ɗaya a sikeli a riƙe lambar.

Wani zai ce lissafin ba zai fita ba, kuma in a fili za a yi feshin, ya yi gaskiya. Ƙaramin bakin bindiga mai faɗin milimita 3, in iska ta cika, yana iya cinye buhu mai kilo 25 cikin kamar rabin sa'a, duk ya watse a ƙasa. Babu mai waldar ƙauyen da zai jure wannan. Mafita ita ce akwatin feshi: rufaffen akwati mai tagar gilashi a sama, ramuka biyu da aka ɗaura wa dogayen safar hannu na roba, gindi mai siffar mazurari inda tsakin ke gangarowa a sake zuƙo shi, da bututun da ke fitar da ƙura waje ta cikin matata ko bokitin ruwa. Wanda ya iya ƙera ƙofar gida da tankin ruwa da injin casar shinkafa, wannan akwati wasan yara ne a wurinsa. Da ganga ko gawar tsohon firji ma ana yin sa. A ciki, kilo goma na alumina ko tsakin ƙarfe zai daɗe yana aiki, yaro yana waje, ƙura tana ciki. Duk da haka ya sa takunkumi na gaske, mai lambar N95 ko wanda ya fi shi, musamman lokacin buɗewa da shara, sharar kuma a yi ta da jiƙaƙƙen tsumma.

A faɗi gaskiya game da injin iska. Wancan ƙaramin baki na buƙatar iska fiye da lita 500 a minti ɗaya, ɗan injin mai faci kuwa ba ya ba da rabin haka. Za a yi feshin minti ɗaya a jira minti uku. Ga ƙananan kaya ana iya haƙuri da hakan. Sannan iskar ta zama busasshiya, tsakin ma haka, in ba haka ba bindiga ta toshe. Ƙarfen da aka wanke kuma tsirara yake, a shafa masa jan fentin farko cikin 'yan sa'o'i, kada a bari ya kwana, balle da damina.

Akwai kuma arzikin da ke zube a ƙofar gida. Jihar Kaduna na sahun gaba a noman masara a Nijeriya, kuma bayan sussuka, daga Saulawa zuwa Paki zuwa Gimi, totuwa tudu-tudu take, wadda mata ba su kwashe don girki ba sai wuta ko ruɓa. A kasuwar duniya totuwar masara tsakin feshi ce mai suna da farashi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ɗakin binciken amfanin gona na gwamnatin Amurka da ke Peoria a jihar Illinois ya fito da hanyar niƙa totuwa, a haɗa da ɓuntun shinkafa, a wanke baƙin hayaƙi da maiƙo daga sassan injin jiragen saman yaƙi ba tare da an rage wa ƙarfen kauri ba. Ɓangaren da ake so shi ne zoben nan mai tauri kamar itace, a raba shi da farin tsakiya mai laushi da ƙaiƙayin waje, a busar, a ɓarza, a tankaɗe gida-gida. Ba ta cire tsatsar da ta yi rami, kada a yaudari kowa. Amma ga makanikin babur da ke son wanke kan inji na alminiyam, ga mai gyaran injin ban-ruwa da janareta, ga kafinta mai cire tsohon fenti daga ƙofar katako, ta fi ganet dacewa. Ƙurarta na kama wuta, don haka nesa da tartsatsin walda.

Arziki na biyu shi ne fasasshen gilashi. Mutum zai ɗauka tunda da yashi ake yin gilashi haɗarinsu ɗaya ne, amma narkawar da aka yi masa ta rushe tsarin ƙwayar silikar, ƙurarsa ba ta yin irin waccan ɓarnar a huhu, ko da yake ita ma ba abar shaƙa ba ce. A ƙasashe da dama kwalaben da aka niƙa sun maye gurbin yashi, kuma suna cin tsatsa da fenti yadda ya kamata. Kwalaben da kamfani ba ya karɓa da fasassun gilasan taga suna nan a kowace bola, 'yan gwangwan ba su damu da su ba don babu mai saye. Abin kiyayewa, kada a haɗa da gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya, yana da dalma, ko dogon ƙwan lantarki, yana da zaiba. A wanke, a niƙa a rufe, a tankaɗe.

Waɗannan biyu ba za su zama kayan sayarwa da ka kawai ba, sai an gwada an tsayar da girman ƙwaya da irin rariyar da ta dace. Masu iya gwajin kuwa suna nan kusa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da ta samo asali tun 1922, ta daɗe tana ƙera injinan sussuka da ɓarza. A Jami'ar Ahmadu Bello ana koyar da fasahar gilashi. A Basawa akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga cibiyar koyar da sana'o'i da gwamnatin jiha ta gina a Soba, ga maƙeran Panteka a Kaduna da ba a kai musu zanen da suka kasa fitarwa. Ɗalibin injiniya da ke neman aikin kammala karatu, maimakon ya ƙera abin da zai ƙare a ɗakin ajiya, ya ɗauki totuwar Ikara da kwalaben Makarfi ya gwada su a shagon mai walda na gaske, ya rubuta sakamakon da Hausa a takarda guda. Har ƙodagon goruba ya cancanci a jarraba, tunda a wasu ƙasashe ɓawon 'ya'yan itace masu tauri ake niƙawa don wannan aiki.

Wasu ayyukan ma ba sa buƙatar feshi sam. Masu gyaran tsofaffin motoci a Ostireliya da Amurka kan jiƙa ƙananan sassa cikin baƙin ruwan da ke saura bayan an tace sukari, kashi ɗaya a ruwa kashi tara ko goma, su bar shi mako biyu ko uku, tsatsa ta saki a wanke da burushi. A ƙasar da ake dafa ruwan rake duk rani, ya kamata wani ya gwada ko dattin kaskon mazarƙwaila zai yi irin wannan aiki. Ruwan tsamiya da na lemon tsami ma suna cin tsatsa mai sauƙi. Mai kayan da ba ya gaggawa ya ba su lokaci.

Saura manyan kaya, tankin ruwa da bodin a-kori-kura da tirelar tarakta, waɗanda ba sa shiga akwati. Wannan ba aikin tsakar gida ba ne ko da wane irin tsaki. Yana buƙatar keɓaɓɓen wuri a bayan gari, babban injin iska, da hular da ke rufe kai duka ana turo mata tatacciyar iska ta mesa. Masu haɗa yashi da ruwa suna rage ƙura, amma taɓon da ya bushe gobe ƙura ne, iskar hunturu kuma ba ta tambayar gidan wa za ta kai shi. Wuri ɗaya irin wannan, a ce a Tashar Yari inda hanyar Makarfi da Ikara ta rabu da babban titin Zariya zuwa Kano, zai ishi ƙananan hukumomin Makarfi da Ikara da Kudan. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta kare ma'aikata daga ƙura, amma jami'in duba masana'antu ba ya zuwa rumfar kwano a Nasarawan Doya, kuma babu alamar zai fara zuwa bana. Ƙaramar hukuma ta ba da fili, ƙungiya ta haɗa kuɗin inji, a riƙa biyan haya bisa aiki, kamar yadda ake hayar tarakta da injin sussuka.

Shugabannin masu walda na Ikara da Makarfi da Kudan suna taro, suna karɓar kuɗin ƙungiya, suna sasanta rigimar maigida da yaronsa. A zama na gaba su sa wannan magana a gaba: a hana kowane mamba fesa busasshen yashi, a zaɓi mutum biyu su je Ƙofar Ruwa da Panteka su jiyo farashin buhun ganet da na tsakin ƙarfe har zuwa Zariya, a ba wani gwani aikin ƙera akwatin farko kowa ya zo ya auna ya kwafa. Duk yaron da ya taɓa yin feshin yashi, ko na wata ɗaya ne, maigidansa ya kai shi a ɗauki hoton ƙirjinsa, ya kuma gaya wa likita da bakinsa irin aikin da yaron ya yi.